WUƘAR TIYER DA MUTANEN DA SUNKA WASA TA

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ɗinmu ya yi gaban taron ƙungiya

 

Shugaba ya ba mu lokaci mu yi magana bisa wata sana'a ta wata ƙasa, mu ga abin da za mu ƙaru da shi. Mun zaɓi sana'ar wuƙa, don babu gidan da ba shi da ita. Mahauci na da tashi, uwargida na da tata, baduku na da tashi. In mutum zai sayi wuƙa, tambaya biyu yake yi: nawa ne, kuma tana ci? Mu yau tambaya ta ukku za mu yi: wa ya yi ta, kuma mi yinta ya ci mashi?

A Turai garuruwa ukku sunka fi suna ga wuƙa: Shefil ta Ingila, Zolingen ta Jamus, da Tiyer ta Faransa. Za mu tsaya ga Tiyer saboda dalili biyu. Na farko, wuƙaƙenta sun shigo kasuwannin Afirka tun zamanin mulkin Faransawa. Na biyu, tsofaffin ma'aikatanta sun bar labarinsu. An saurare su, an rubuta, an ɗauki hotunansu bakin aiki, kuma kayan aikinsu na nan ajiye har yau. Daga nan munka samo abin da za mu gaya maku.

GARIN DA RAFINSHI

Tiyer, wadda Faransawa ke rubutawa Thiers, tana tsakiyar ƙasar Faransa, yankin Auvergne, wajen kilomita 40 gabas da birnin Clermont-Ferrand. Bisa gangaren dutse anka gina ta, gida bisa kan gida. Can ƙasa akwai wani kwazazzabo mai zurfi, inda ruwan da ake kira Durol ke wucewa. Wanda ya san kogin Yamai, in ya ga Durol rafi zai ce mashi. Amma daga tudu yake gangarowa da gudu, yana faɗuwa daga wanga dutse zuwa wancan, kuma gudun nan shi ne dukiyar garin.

Abin mamaki, Tiyer ba ta da ƙarfe cikin ƙasarta, ba ta da dutsen washi mai kyau. Dukansu daga nesa ake kawo su. Abu biyu kaɗai gare ta: ruwa mai ƙarfi, da talakawan tsauni waɗanda gonakinsu ba su ciyar da su shekara. Da waɗanga biyu anka gina sana'ar da ta kai shekara 600. Takardun garin sun nuna akwai maƙeran wuƙa tun ƙarni na 15. A 1582 anka kafa masu doka: sai yaro ya yi shekaru ƙarƙashin gwani, ya nuna aikin hannunshi gaban manyan sana'a, kana a yarda ya buɗe maƙerarshi. Kowane gwani na da tambarinshi da yake bugawa bisa wuƙa, kuma ana buga irinshi bisa wani allon dalma a ajiye, don kada wani ya sace sunan wani. Wannan tsari ya faɗi a 1791, lokacin da juyin juya halin Faransa ya soke ƙungiyoyin sana'a na gargajiya. Sana'ar kuwa sai ƙara girma ta yi. A 1855 an ƙiyasta mutum 25.000 ke cin abinci da wuƙa cikin garin da ƙauyukan kewaye.

WUƘA ƊAYA, HANNU DA YAWA

A nan wurinmu maƙeri guda ke gasa ƙarfe, ya buge shi bisa uwar maƙera, ya wasa, ya sa ƙota, ya kai kasuwa. A Tiyer an raba aikin gunduwa-gunduwa. Wani ke ƙera ruwan wuƙa. Wani ke gasa shi ya yi ja, ya tsoma cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Wani ke wasawa, wata ke gogewa har ya yi ƙyalli. Wani ke yanka ƙaho ko ƙashi ko icce don ƙota, wani kuma ke haɗa su duka da ƙusa. Kowa gidanshi daban, ko rumfarshi daban. Kullum za ka ga mutane bisa hanyoyin garin, masu hawa da masu gangara, ɗauke da kwanduna cike da guntayen wuƙa, ana kai su daga wanga hannu zuwa wancan.

Bisa kansu duka akwai mai tambari. Shi ke sayen ƙarfe, shi ke raba aiki, shi ya san mai saye a Paris ko Ispaniya ko ƙetaren teku, kuma sunanshi ne bisa wuƙa. Ba da yini yake biya ba, da yawan aiki yake biya. Ma'aunin shi ne abin da suke kira grosse, wato dozin 12. Ƴan lakwal da ke nan su yi mana lissafi: 12 sau 12, 144 ke nan. Sai ka gama guda 144 kana a ƙidaya maka kuɗin ma'auni ɗaya. Ku riƙe wanga a zuci, don shi ke bayyana sauran labarin. Wanda ake biya da ƙidaya ba ya jiran a kore shi bakin aiki, shi ke korar kanshi.

MASU WASHI

Cikin dukan ma'aikatan, waɗanda anka fi tunawa su ne masu washi. Wurin aikinsu can ƙasan kwazazzabo yake, bakin ruwa, cikin wasu ɗakunan dutse da ake kira rouet. Ana tare ruwan rafi a karkato shi bisa wata babbar ƙafa ta katako, irin ƙafar amalanke amma ta fi mutum tsawo. Ruwa na juya ƙafar, ita kuma ta ja igiyar fata kamar ta injin niƙa, igiyar ta juya duwatsun washi. Dutsen sabo ya kan kai ƙirjin mutum in an tsai da shi, nauyinshi kilo ɗaruruwa. Sauko da shi ta ƴar hanyar kwazazzabo ma aikin gayya ne, sai maza da yawa sun taru.

To, ga abin da ya sa hotunansu sunka zagaye duniya: kwance suke aiki. Ana gicciya katako bisa dutsen, mutum ya kwanta rub da ciki, kanshi da hannuwanshi na leƙe ƙasa. Yana riƙe ruwan wuƙa cikin wani ɗan icce, ya danna shi bisa dutsen da ke juyawa ƙarƙashin fuskarshi. Kwanciyar na ba shi damar sa nauyin kafaɗu da ƙirji duka bisa ƙarfen, ya fi na zaune sauri. Haka zai wuni, tun safe har duhu. Dutsen kullum jiƙe yake don kada ƙarfe ya ƙone. Ruwa da garin dutse na fantsamo mashi, su bushe bisa riga, su zama rawaya. Shi ya sa mutanen yankin ke kiransu masu rawayan ciki.

Ƙasar sanyi ce, irin sanyin da ruwa ke daskarewa, ga ɗaki bakin rafi inda rana ba ta cika shiga ba. Mutumin da ke kwance ba ya motsa ƙafa, sanyi ya fara kama shi daga nan. Dabarar da sunka samu, kada ku yi mamaki, kare ne. Kowa na da ɗan karenshi da ya hora, in ya kwanta sai karen ya hau bisa ƙafafunshi ya kwanta, ɗumin jikinshi ya zama mashi bargo. Baƙo in ya ga hoton sai ya yi dariya. Wanda ya kwanta bisa katakon ya san abin da ya kai shi ga neman ɗumi wurin kare.

In tsofaffin masu washi na ba da labari, abu biyu ke fitowa bakinsu, kuma ba su raba su.

Na farko alfahari. Mai washi ba bawan kowa ba ne. Hayar wurin kwanciyarshi yake biya ga mai ɗakin, dutsen nashi ne, ya karɓi aikin wanda ya ga dama. Babu ƙararrawar da ke kiranshi, babu kafaran bisa kanshi. In ya so ya huta ran Litinin, ya huta. Kuɗinshi ya fi na sauran ma'aikata, don aikinshi ne ke sa wuƙa ta ci ko ta ƙi ci. Dubi yadda abin yake: yana wasa ƙarfen da ba ya ganin gefen da ke bisa dutse. Da hannu yake jin kaurin, da kunne yake jin ko ya isa. In ya danna da yawa ƙarfe ya ƙone, in ya sassauta baki ya yi kauri. Wannan sani ba ya cikin littafi, shekaru ake yi kwance kusa da uba ko kawu kafin hannu ya gane. Sun kuma san ƙarfin haɗin kai. Sun kafa ƙungiyarsu, suna tsai da farashin aiki gaban masu tambari, in an ƙi su sauka daga katako gaba ɗaya, kuma ran da masu washi sunka tsaya, garin duka ya tsaya.

Na biyu ciwo. Sanyi da laima na shiga gaɓoɓi, mutum bai tsufa ba ya fara ɗingishi. Kwanciya bisa ƙirji shekara da shekaru na canza ƙirar jiki, musamman ga wanda ya fara tun yana yaro. Garin dutse da na ƙarfe na shiga huhu kaɗan-kaɗan, ya taru, ya ƙi fita. Tari ya kama mutum, numfashi ya gajarta, sau da yawa tarin fuka ya biyo baya. Likitoci na kiran wannan cuta silikoz, kuma har yau ba ta da maganin da ke warkar da ita. Sai a 1945 dokar Faransa ta yarda cewa cutar aiki ce, a biya wanda ta kama. Kafin nan mutum da iyalinshi ke ɗaukar nauyin. Ga kuma abin da kowa ke tsoro amma ba a son faɗi: fashewar dutse. Dutse mai ɓoyayyen tsagu in yana juyawa da ƙarfi ya kan tarwatse ba shiri, guntayen su tashi sama, mutum kuwa na kwance daidai bisa kanshi. An rasa rayuka ta haka, wasu sun tsira da naƙasa.

Ko ƴancin nan da suke taƙama da shi, akwai wanda ke riƙe da igiyarshi, shi ne rafi. In bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, ƙafa ta tsaya. In sanyi ya yi yawa ƙanƙara ta kama ta. In ruwa ya yi ambaliya ya shiga ɗaki. Ranar da dutse bai juya ba, babu ko tamma, ga kuɗin haya na jira. Shi ya sa in ruwa ya dawo ake raba dare ana aiki don a rama. Mai washi ya kuɓuta daga ubangida, amma da ƙirjinshi ya biya kuɗin fansa.

MATA, YARA DA MANOMAN TSAUNI

Hotuna sun fi nuna maza, amma sana'ar ba ta tsayuwa ba da mata ba. Bisa benen ɗakin washi, ko cikin wata rumfa kusa, mata ke goge ruwan wuƙa bisa ƙananan faya-fayan katako da anka lulluɓe da fata, ana shafa masu wani gari mai kaushi da mai. Da yawansu matan masu washi ne da ɗiyansu. Su ma ƙura suke shaƙa, hannuwansu baƙi ƙirin, kuɗinsu kuwa bai kai na maza ba. In an tashi aiki, tukunya na jiransu gida. Wasu matan ke wanke wuƙa, su share, su naɗe cikin takarda dozin-dozin.

Yara na fara taimako tun suna ƙanana: kai saƙo, ɗaukar kwando, share ƙarfe. A nan, mu da ke aikin koyarwa, akwai shekaru ukku da muke so ku ji. A 1882 dokar Faransa ta tilasta karatu har shekara 13. A 1936 anka kai shi 14. A 1959 anka yanke a kai shi 16, abin ya fara aiki a 1967. Kowane ƙari na nufin ƙashin yaro ya ƙara ƙwari kafin ya hau katako ko ya tsaya gaban inji. Tsofaffi da yawa na tuna cewa sun bar benci ran Asabar, ran Litinin suna bakin aiki.

Sai masu haɗawa, waɗanda labarinsu zai fi yi maku kama da na gida. Manoma ne na ƙauyukan tsauni, irin su Saint-Rémy, Celles da Viscomtat. Mu rani ke hana mu noma, su lokacin sanyi ke hana su. Kowane gida na da ɗan tabur kusa da taga, da matsi, da guduma, da magagari. Mutum ya gangara gari ya karɓo ruwan wuƙa da ƙota da ƙusa, ya hau gida, shi da matarshi da ɗiyanshi su haɗa, ya maido, a ƙidaya, a biya shi. Saniya biyu da ɗan fili na ba da abinci, wuƙa na ba da kuɗin gishiri da tufafi da haraji. Mai tambari ya san haka sarai. Ya san wanda ke da dankali cikin rumbu zai karɓi kuɗin da ɗan birni ba zai karɓa ba, kuma mutanen da ke warwatse cikin tsauni da wuya su haɗa baki. Arhar wuƙar Tiyer daga nan take. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 manyan masana'antu, waɗanda muke ce ma izin, sun cika kwazazzabon. An kawo gudumar inji mai faɗowa daga sama ta fitar da siffar wuƙa bugu ɗaya ko biyu. Waɗanda sunka yi aiki nan na tuna ƙara kafin komi: ƙasa na rawa, ba ka jin na kusa da kai sai da hannu, tsufa kuma ya zo da kurumta. Yatsu nawa injin ya cinye, Allah kaɗai ya sani. Wani wuri cikin kwazazzabon sunanshi Creux de l'Enfer, wato Ramin Wuta. Wata marubuciya, George Sand, ta ga wurin, ta rubuta littafi bisa ma'aikatanshi a 1860, ta sa mashi suna La Ville noire, wato Baƙin Gari.

WUƘAR DA TA ZO AFIRKA

Ga inda labarin ya taɓo mu. A 1929 wani mai tambari na Tiyer, Gaspard Cognet, ya fito da wata wuƙar aljihu mai arha, ya sa mata suna Douk-Douk. Guntaye shidda kaɗai gare ta: ruwan wuƙa, ƙota ta fallen ƙarfe da anka naɗe biyu, ɗan ƙarfen baya mai riƙe ta buɗe, zoben ratayewa, da ƙusa biyu. Don tsibiran tekun Pasifik anka yi ta, shi ya sa anka zana wani dodon can bisa ƙotar. Can ba ta samu kasuwa ba. Sai anka juya da ita Afirka ta Arewa, nan ta karɓu ƙwarai, daga nan ta bi ƴan kasuwa da sojoji zuwa sauran ƙasashen da Faransa ke mulki. Da anka lura musulmi da yawa ba su son hoton mai rai bisa kayansu, sai anka fito da wata iri mai suna El Baraka. Kun san abin da anka zana bisa ƙotarta? Alamar nan ta Agadas, wadda maƙeran Abzin ke zubawa da azurfa.

Ku duba wannan da kyau. Mutumin da ke zaune cikin tsaunin Faransa ya yi nazarin abin da mai saye na nesa ke so da abin da yake ƙi, har ya ɗauko zanen maƙeran ƙasarmu ya sa bisa hajarshi, ya sayar ma mutanen Afirka. Wanda ya wasa wuƙar bai taɓa ganin Agadas ba, wanda ya saye ta bai taɓa jin labarin katako da kare ba. Mai tambari ne kaɗai ya san su duka biyu, kuma wurinshi riba ta tsaya.

YADDA KATAKO YA TASHI

Abu ukku sunka kawo ƙarshen tsohon aiki. Na farko wutar lantarki. Da ta zo, babu sauran dalilin zama bakin rafi, masu washi sunka riƙa hawowa gari ɗaya bayan ɗaya, ɗakunan kwazazzabo sunka zama kufai. Na ƙarshensu, cikin ɗakin da ake kira rouet Lyonnet, ya yi aiki har 1976. Na biyu inji mai washi da kanshi, da dutsen da ake haɗawa a masana'anta, wanda bai cika fashewa ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Shefil a 1913, shi ma ya canza yadda ake aiki. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu sun bunƙasa har hannu ya yi ƙaranci, anka ɗauko ma'aikata daga Afirka ta Arewa da Turkiyya, jikokinsu na garin har yanzu. Na ukku, wanda ya fi zafi, wuƙa mai arha daga Asiya, musamman Sin da Pakistan. Abin da Tiyer ta yi ma wasu da arha, shi anka yi mata. Masana'antu da yawa sun rufe, matasa sun tafi neman aiki wani wuri. Garin da ke da mutum sama da 16.000 a 1968, yau bai kai 12.000 ba.

Nan ne tsofaffin ma'aikata sunka rabu cikin zukatansu. Mutum guda zai gaya maka babu aikin da ya kai nashi daraja, kuma shi ne ya hana ɗanshi gadonshi, ya tura shi karatu. Kada mu ce ya yi baki biyu. Duka biyun gaskiya ne, kuma shi ya fi kowa saninsu. Jiki magayi.

ABIN DA SUNKA RIƘE

Mutanen Tiyer ba su zauna kuka bisa kufai ba. A 1982 sun buɗe gidan tarihin wuƙa cikin tsohon gari. Ba su tsaya ga jera wuƙaƙe cikin gilashi ba, sun sa ma'aikata na yin aiki gaban baƙi, har da washin kwance, don yara su gani da idonsu. Ɗakin Lyonnet an gyara shi, ƙafarshi na juyawa, ana zuwa kallo. Ramin Wuta ya zama gidan nuna zane-zane a 1988.

Sun kuma koma ga maganar suna. Shekaru da yawa Tiyer na ƙera wuƙaƙen da ke ɗauke da sunan wasu garuruwa, kamar Laguiole, nata sunan ba ya fita. Da yake babu dokar da ta tsare wancan suna, sai ga irinsu na shigowa daga Asiya da shi. A 1994 wasu maƙera da masu tambari sunka haɗu sunka fito da wuƙa mai sunan garin, Le Thiers. Sharaɗinta, a yi ta cikin yankin tun daga farko har ƙarshe, mai yin ta ya sa sunanshi, kuma sai wani kwamitin gwanaye ya duba ya yarda. Kun ga sun koma ga dabarar kakanninsu ta 1582. Har yau wajen kashi 70 cikin 100 na wuƙaƙen da ake yi a Faransa daga yankin Tiyer suke fitowa, kuma ana koya ma samari da ƴan mata sana'ar, a tsaye ko a zaune, da injin zuƙe ƙura kusa da su.

Jama'a, ga abin da munka fahimta. Sun riƙe sanin hannu, sun riƙe suna, sun riƙe labari. Katako da laima da ƙura kuwa sun bar su gidan tarihi, babu mai son su dawo. Abin da ya ba su ikon tantancewa shi ne sun saurari tsofaffinsu tun suna da rai, kuma sun bar su sun faɗi daɗin da ɗacin gaba ɗaya. Da daɗin kaɗai anka rubuta, da yaran yau sun ɗauka kwanciya bisa dutse wasa ne. Da ɗacin kaɗai anka rubuta, da babu yaron da zai yarda ya koyi sana'ar.

Muna roƙon abu biyu kafin mu zauna. In wuƙa ta shigo hannunku, ku juya ta ku duba tambarin, ku tambayi inda ta fito. In kun ga ta yi arha ƙwarai, ku san akwai wanda ya cika sauran kuɗin da jikinshi. Sa'an nan ƴan lakwal, ga aikin hutu. Kowa ya ɗauki kaye da alƙalami, ya je wurin wani tsoho mai sana'ar hannu, maƙeri ko baduku ko marini, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi sunan kowane kayan aiki, wurin wa ya koya, mi ya fi yi mashi daɗi, kuma ina ne ke mashi ciwo in dare ya yi. Ku rubuta yadda ya faɗa, kada ku gyara. Ku kawo mana in an koma, mu kuma za mu miƙa ma biro, abin da ya samu wuri a buga shi cikin wagga takarda.

 Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani, musamman iyayenmu maƙera da ke zaune nan, fili nasu ne.